SOJAN BAMA A IDON MASU ZANE: INA AKA BARO MATARSA DA 'YA'YANSA?

Jawabin da aka gabatar a wani taron 'yan Arewa mazauna Ikko



An nemi in yi magana a kan zane-zane da hotunan da aka yi a lokacin yaƙe-yaƙen zamanin mulkin mallaka, da yadda suka nuna soja da iyalinsa. Na san wani zai ce a ransa, mu da muka baro gida neman abin sa wa a bakin salati, ina ruwanmu da zanen da wani Bature ya yi shekara tamanin da suka wuce? To, wanda ya taɓa shiga mota daga Obalende zuwa Yaba ko Apapa ya riga ya ratsa ta cikin wannan tarihi ko bai sani ba. Barikin Dodan, inda shugabannin ƙasar nan suka zauna har 1991, da barikin Myohaung da na An a Yaba, da na Arakan da Tamandu a Apapa, da na Letmauk da ke Mokola a Badun, dab da Sabo, duk sunayen wurare ne a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, inda kakanninmu suka gwabza da Japanawa a 1944 da 1945. Tun kafin nan ma, rundunar farko da Bature Glover ya kafa a nan Ikko a 1863, wadda daga gare ta ne sojan Nijeriya ya samo asali, da sunan Hausawa aka san ta. Da yawa daga cikin unguwannin da muke zaune a Kudu, tsofaffin soja na cikin waɗanda suka fara kafa bukka a cikinsu. Saboda haka maganar ta gida ce.

Abu na farko da ya kamata mu riƙe shi ne, zanen yaƙi ba ya faɗowa daga sama. Akwai mai ba da aiki, akwai mai biya. A watan Nuwamba 1939, wata biyu da fara Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Ingila ta kafa kwamiti na musamman a ƙarƙashin Kenneth Clark, shugaban babban gidan zane-zane na Landan, aikinsa shi ne ya ɗauki masu zane ya aika su fagen fama da masana'antu da asibitoci su zano abin da suka gani. Kafin yaƙin ya ƙare kwamitin ya tara zane fiye da 5,000, kuma kaso mafi tsoka yana ajiye a gidan tarihin yaƙi na Landan. Ban da wannan akwai Ma'aikatar Watsa Labaru, wadda ke buga manyan hotuna masu launi ana mannawa a bangon tasha da gidan waya da ofishin En'e. Mu da muka tashi muka ga maroƙan fada mun san yadda wannan sana'a take. Maroƙi ba lalle ne ya yi ƙarya ba, amma ya san abin da zai ambata da abin da zai tsallake, kuma sau da yawa abin da ya tsallake ya fi wanda ya ambata nauyi.

Mu fara duba yadda suka zana nasu. A 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, an buga wani hoton bango a Ingila wanda har yau ake misali da shi, zanen wani mai suna Savile Lumley. Uba ne zaune a kujerar falo bayan yaƙi ya wuce, 'yarsa a kan cinyarsa riƙe da littafi, ɗansa a ƙasa yana wasa da 'yan sojojin wasan yara, yarinyar tana tambayar uban abin da ya yi a lokacin babban yaƙi, shi kuwa ya yi zuru, kunya ta rufe shi. A wannan shekara dai aka buga wani, mata biyu da ƙaramin yaro tsaye a bakin taga suna kallon sojoji na wucewa, an rubuta cewa matan Ingila sun ce a tafi. Ku lura, a duka biyun ba a nuna jini ko gawa ba. Da gida aka ja hankalin namiji, da idon matarsa da tambayar 'yarsa. Da yaƙi na biyu ya zo, jiragen Jamus suka dinga ruwan bama-bamai a Landan a 1940 da 1941, sai Henry Moore ya shiga tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa ya zana talakawa kwance jere-jere cikin bargo, uwa rungume da jariri, tsohuwa ta jingina da bango. A Amurka kuma, a 1943, Norman Rockwell ya zana uwa da uba suna lulluɓe 'ya'yansu biyu da dare, uban riƙe da jarida mai labarin bama-bamai. Ba na raina waɗannan ayyuka. Zanen Moore musamman, duk mai imani in ya gan shi sai jikinsa ya yi sanyi. Saƙonsu dai ɗaya ne: sojan Bature mutum ne mai gida, akwai waɗanda ya bari a baya, kuma domin su yake yaƙi.

To, yanzu mu juyo kan namu. Daga Nijeriya kaɗai an ɗauki mutum fiye da 100,000 a yaƙi na biyu. Birged ɗin Nijeriya ta 23 ita ta shiga Mogadishu a Fabrairu 1941, ta kuma kori Italiyawa har Harar a ƙasar Habasha cikin watan Maris. Daga baya aka kafa Runduna ta 81 da ta 82, aka kwashe 'yan Afirka ta Yamma kimanin 90,000 zuwa Indiya da Bama, fiye da rabinsu 'yan ƙasar nan, sauran daga Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Bataliya uku ta Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, suna cikin mayaƙan Janar Wingate da aka sauke a bayan layin Japanawa a 1944, shi ya sa ake da barikin Chindit a Zariya. Hausa ce harshen umurni a yawancin bataliyoyin Nijeriya, har hafsoshin Turawa sai sun koye ta.

Yaya aka zana waɗannan mutane? Akwai wani hoton bango da aka buga a lokacin, mai taken cewa ƙasashen mallaka abokan yaƙinmu ne. Soja ne guda ɗaya na rundunar Afirka ta Yamma, bindiga a kafaɗa, fuska a ɗaure, tambarin ƙasashen mallaka kewaye da shi. Ba suna, ba gari, ba kowa a bayansa. Akwai wani kuma da aka yi wa take da kalma ɗaya mai nufin "tare", sojojin daular Ingila suna maci a ƙarƙashin tuta guda. Wanda ya zana shi ya jera su yadda daular ta jera su a zuciyarta: fararen fata a gaba, Ba'indiye da baƙin mutum a baya. Ko a hoton da aka yi domin a nuna haɗin kai, sai da aka ajiye kowa a matsayinsa. Haka za ku ga sauran, a mujallu da katunan gidan waya da 'yan katunan da ake sakawa cikin kwalin taba: jar dara, jar 'yar shara mai ado, ɗamara, gajeren wando na kaki, sau da yawa ƙafa ba takalmi, domin kafin yaƙi na biyu haka sojanmu ke fareti. Kyakkyawan mutum, ƙaƙƙarfa, mai biyayya. Sai dai kamar daga ƙasa ya tsiro da kakinsa, ba uwa ta haife shi ba.

Faransawa nasu ya fi muni. A 1915 kamfanin wani abin sha na koko da garin ayaba mai suna Banania ya sa hoton sojan Afirka a tallarsa, da jar dara, yana riƙe da cokali yana washe baki, a ƙasa an rubuta 'yan kalmomi da gurɓataccen Faransanci irin wanda suke cewa baƙi ke yi. Waɗannan sojoji ana ce musu 'yan Sanagal, amma an kwaso su ne daga ko'ina a ƙasashen da Faransa ta mallaka, har da 'yan'uwanmu na Nijar. Dubbai daga cikinsu sun mutu a ramukan yaƙi na Turai, amma abin da yaron Faransa ya tashi yana gani a teburin karin kumallo shi ne wani ƙato mai dariya kamar yaro. Léopold Senghor, wanda shi kansa ya yi soja, Jamusawa suka kama shi a 1940, daga baya ya zama shugaban Sanagal, ya ambaci wannan dariya da ɗaci a littafin waƙoƙinsa na 1948. A ganina dabarar a fili take. Yaro ba ya da iyali, shi ne ma ake riƙo. In ka zana mutum a matsayin yaro, ka huta da tambayar wa zai ci da matarsa in ya mutu.

Alhali kuwa sojan nan yana da iyali, kuma Turawan sun fi kowa sani, domin su suka gina masa layin da yake zaune da su. A barikokin Kaduna da Zariya da Kano da Lakwaja, tun farkon ƙarni na ashirin, soja da matarsa yake zaune. Ita ke dafa masa abinci daga albashinsa, gwamnati ta huta da gina ɗakin girki. Kowane kamfani na da magajiya, shugabar matan soja, mai sasanta rigima da duba tsabtar layi, kuma wannan muƙami yana nan a barikokinmu har yau. A ɓangaren Faransa matan ma har fagen fama suke bin mazajensu, da tukwane a ka da goyo a baya, har zuwa yaƙin Maroko kafin 1914. Su kam an ɗauki hotonsu, an buga a katunan gidan waya ana sayar wa Turawa su aika gida. Amma wanda ya duba katunan zai ga an ɗauke su ne domin kallo da nishaɗi, kamar yadda ake ɗaukar hoton raƙumi ko kasuwa, wani lokaci ma da rashin mutunci. Babu wanda ya zana matar sojan Afirka tsaye a ƙofar gida tana kallon mijinta zai tafi, irin yadda aka zana ta Ingila a bakin taga. Mu ma, in za mu faɗi gaskiya, ba mu taimaka ba. Kalmar "bariki" a bakinmu ta zama zagi, "matar bariki" kuwa ba sai na fassara ba, alhali da yawansu matan aure ne da suka bi miji garin da ba su san kowa ba, kamar yadda da yawa daga cikin iyayenmu mata da ke zaune a wannan zaure suka biyo nasu mazan zuwa Ikko.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a daidai lokacin da aka ƙi nuna iyalinmu, an ɗauko nasu an kawo mana har ƙofar gida. Dattawa a nan sun tuna majigi, motar da ke zuwa da dare a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada. Wanda ya tsara wannan harka, William Sellers, jami'in kiwon lafiya ne da ya yi aiki a Nijeriya, shi aka ba shugabancin sashen shirya finafinai domin ƙasashen mallaka da aka kafa a 1939. Ra'ayinsa shi ne mutumin Afirka ba zai fahimci fim mai sauri ba, sai an yi masa a hankali, abu ɗaya bayan ɗaya. A 1940 sashen ya fitar da wani fim mai suna Mr English at Home, wato Bature a gidansa. Kafinta ne da matarsa da 'ya'yansu, an nuna yadda suke tashi da safe, yadda uwargida ke gyara ɗaki da cefane da girki, yadda maigida ke dawowa daga aiki a zauna a ci abinci tare. An zagaya da shi ƙasashen Afirka ana nuna wa jama'a. Ku auna wannan a ranku. Mace tana zaune a tabarma a wani ƙauye na ƙasar Katsina ko Bauci, an ɗauki mijinta soja, ba ta san ranar dawowarsa ba, ga shi an kafa mata ƙyalle ana koya mata yadda iyali na gari ke zama.

Da akwai mai zanen da ya damu, da bai rasa abin zanawa ba. Da ya je baitulmali ranar biya ya ga matan soja a layi suna jiran ɗan abin da aka yanko daga albashin miji, wanda bai wuce sule guda a rana ba ga farabiti. Da ya zauna kusa da malamin da ke karanta wa mutane wasiƙa, ya ga fuskar tsohuwa lokacin da ake karanta mata takardar da ta yi wata da watanni a hanya daga Indiya. Masanin tarihi David Killingray, a littafinsa na 2010 kan sojojin Afirka a wannan yaƙi, ya nuna cewa babban abin da ke damun sojojin a can shi ne gida: ko kuɗi na isa, wa ke noma gona, ko matar tana nan. Damuwar kuwa tana da dalili. Wanda aka tafi da shi Gabashin Afirka a 1940, aka dawo da shi ya ɗan huta, aka sake ɗaukarsa zuwa Bama, bai dawo ba sai 1946. A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke bi, matar da mijinta ya ɓace ba labari tana jira shekara huɗu, wadda kuwa aka bari ba ci ba sha tana da ikon kai ƙara tun kafin haka. Ba laifin matar ba ne, ba kuma laifin mijin ba. Amma akwai waɗanda suka dawo da akwatin ƙarfe da lambar yabo suka tarar ɗakin ba kowa. Duk wanda ya yi shekara uku a Kudu bai leƙa gida ba ya san wani yanki na wannan zullumi.

Haka kuma ba a zana 'yan diban gwamna ba. Da Japanawa suka ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa inda take samun kuza, sai ta juyo kan Jos. Tsakanin 1942 da 1944 an tilasta wa mutum wajen 100,000 daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza, ana raba wa hakimai da dagatai adadin da kowa zai kawo. Mutanen da suka saba da zafin Sakkwato da Barno aka kai su cikin sanyin tsaunuka ba isasshen abinci ba bargo, ɗaruruwa suka mutu, gonaki suka kwana ba noma. A wannan lokacin ne ake buga hotunan bango masu kyau ana gode wa ƙasashen mallaka saboda gyaɗa da kuza da roba da suke bayarwa, an zana ma'aikata suna aiki cikin walwala. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai maganar mutum-mutumi, wadda ta fi kusa da mu mazauna Ikko. Manya a cikinku sun san Sojan Idumota, waɗannan mutum biyu na tagulla da suka daɗe tsaye a tsakiyar kasuwa kafin a ɗauke su daga wurin, ɗaya soja, ɗaya ɗan dako. Irinsu aka kafa a Darussalam a 1927, da Nairobi da Mombasa. Aikin hannu ne mai kyau, kuma na yaba da aka tuna da ɗan dako, domin a yaƙin Kamaru na 1914 zuwa 1916 da na Gabashin Afirka, masu ɗaukar kaya a ka sun mutu da yawan gaske saboda yunwa da cuta. Ko a Bama, da kai aka yi ta ɗaukar harsashi da abinci a dazuzzukan Kaladan inda mota ba ta shiga, har tambarin Runduna ta 82 ma gammo ne da māsu biyu a gicciye. Amma me ya sa aka yi mutum-mutumi guda domin dubban mutane? A Faransa da Beljiyam kowane sojan Ingila da aka gane gawarsa yana da dutsensa da sunansa, har an ba iyalinsa dama su zaɓi 'yan kalmomin da za a sassaƙa a ƙasa. A 1923 Gwamnan Gwalkwas, Guggisberg, ya ba da ra'ayin cewa talakan ƙasar ba zai fahimci dutsen kabari ba balle ya daraja shi, gara a yi abin tunawa guda ɗaya. Wannan ba zargi ne nawa ba. Hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwal ita da kanta ta fitar da rahoto a watan Afrilu 2021, ta ce mutum 116,000 aƙalla, watakila har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka, da suka mutu a yaƙi na farko ba a rubuta sunansu ba ko ma ba a tuna da su sam, kuma Ministan Tsaron Ingila ya nemi gafara a majalisa. Dutsen kabari ai domin mai rai ake yinsa, domin uwa da mata da ɗa. Wanda ya ce ba a bukatarsa ya riga ya yanke hukuncin cewa babu mai kuka.

Kada in yi rashin adalci, akwai 'yan ƙalilan da suka kalli sojan Afirka da idon mutunci. Wata Bafaransa mai zane, Lucie Cousturier, gidanta na kusa da sansanin sojojin Afirka a garin Fréjus lokacin yaƙi na farko. Ta buɗe musu ƙofa, ta koya musu karatu da rubutu, ta zana su a zaune cikin natsuwa, ta kuma rubuta littafi a kansu a 1920. Edward Bawden, ɗaya daga cikin waɗanda kwamitin Clark ya aika, ya bi ta Sudan da Habasha a 1941 ya zana fuskokin sojojin Afirka ɗaya-ɗaya, kowa da kamanninsa. Amma ko su, a bakin sansani suka tsaya. Ba wanda ya bi sojan zuwa garinsu.

Da aka dawo kuma sai hoto ya ƙare, lissafi ya fara. Takardun da 'yan jarida suka tono a 2019 sun nuna cewa kuɗin sallamar farabiti farar fata sule 10 ne a kan kowane wata da ya yi yana aiki, na baƙar fata kuwa sule 3 da sisi. A Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga sansanonin fursuna na Jamus suna neman bashin albashinsu. Hukuma a lokacin ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama sun ce sun kai ɗaruruwa, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya amsa da bakinsa cewa kisan gilla ne. A Ankara ta Gwalkwas, ranar 28 ga Fabrairu 1948, aka harbe tsofaffin soja uku, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey, suna kan hanyar kai wa Gwamna takardar koke. A nan Kudu kuwa, kalmar nan "boma" da ake jifan ɗan iska da ita, mutane da yawa suna danganta ta da 'yan Bama da suka dawo ba aiki.

Namu ne suka fara cike giɓin, kowa da irin kayan aikinsa. Akinola Lasekan, mai zanen barkwanci a jaridar West African Pilot ta Dokta Azikiwe tun daga 1944, ya sha zana bambancin da ke tsakanin Bature da baƙi a ƙarƙashin mulkin mallaka, har da halin da tsohon soja ya shiga. Mu a Arewa ba mu da al'adar zana mutum, abin tunawarmu waƙa ce, shi ya sa Malam Sa'adu Zungur ya tari sojojin da waƙarsa ta Maraba da Soja, ya kuma bi ta kanta ya shiga maganar 'yanci. Ousmane Sembène, wanda shi ma ya yi wa Faransa soja, ya yi fim a kan Thiaroye a 1988. Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan wanda mahaifinsa ya yi yaƙin Bama, ya rubuta littafin Burma Boy a 2007, jaruminsa wani yaro mai jin Hausa da ya ƙara wa kansa shekaru domin a ɗauke shi. Littafin ɗa ne da ya tashi a gidan da yaƙi ya biyo uba har ɗaka.

Akwai kuma hoton da ya fi duk waɗannan daraja a wurina, kuma na tabbata yana cikin akwatin wasu daga cikinku, ko a nan ko a gida. Shi ne wanda sojan ya je da ƙafarsa wurin mai hoto, a Kaduna ko a Indiya, ya biya da kuɗinsa, ya gyara hula, ya tsaya yadda yake so a gan shi, ya aiko wa uwarsa ko amaryarsa. Shi kaɗai ne hoton yaƙin da aka yi domin iyali. Ina roƙon duk mai irinsa, ko takardar sallama, ko lambar yabo, ya fito da shi daga inda gara da damina za su ci shi, ya sami tsohon da ya rage a gidan ya tambaye shi, ya rubuta a takarda sunan mai hoton da na mahaifinsa da garinsu da bataliyarsa. Ya rubuta har da sunan matar da aka aiko wa, da abin da ta yi ta ci da yara a shekarun da ba ya nan. Yaranmu masu waya a hannu su ɗauki hotonsa su raba wa dangi. Waɗanda suka ga abin da idonsu saura ƙalilan ne ƙwarai.

Zan rufe da labarin mutum ɗaya wanda ya rubuta nasa da hannunsa. Isaac Fadoyebo ɗan ƙauyen Emure-Ile ne kusa da Owo, ya shiga soja a 1942 yana da shekara 16, aka sa shi a sashen jinya na Runduna ta 81. A watan Maris 1944 Japanawa suka yi musu kwanton ɓauna a bakin kogin Kaladan, harsashi ya farfasa masa ƙafa, aka bar shi a cikin gawawwaki. Shi da wani ɗan Saliyo, David Kargbo, wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye su, ya ci da su daga abincin iyalinsa, daga baya ma ya shigar da su cikin gidansa, alhali ya san in Japanawa suka gane, shi da matarsa da 'ya'yansa duk sun halaka. Wata tara suka yi a haka kafin a cece su a watan Disamba. A gida kuwa an riga an fid da rai da Isaac. Ranar da ya shigo ƙauyensu yana ɗingishi, sai da mutane suka watsa masa ƙasa domin su tabbatar ba fatalwa ba ce kafin su yarda su taɓa shi. A 2011 ɗan jarida Barnaby Phillips ya bi sawu har ƙauyen na Bama, ya tarar Shuyiman ya daɗe da rasuwa, amma 'ya'yansa suna nan kuma suna tune da baƙin nan biyu, ya miƙa musu wasiƙar godiya da Isaac ya rubuta. Isaac ya rasu a 2012.

 In akwai mai tambaya, ko mai labarin nasa kakan, ga wuri.